Ranar da Na Kira Sunan 'Yata a Kan Tsauni

Tun da na haifi 'yata ta fari ban taɓa kiran sunanta ba. Kada wani ya ce ƙiyayya ce, haka na tashi na tarar ana yi a gidanmu. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba. In yana kusa ta ce "kai", in ba ya nan ta ce "wancan". Ni kuma sai abin ya zo mini biyu: ga ta 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyar tawa aka raɗa mata, don ba a daɗe da rasuwarta ba na haihu. To ta ina zan fara? Babanta da dangi suna da laƙabin da suke kiranta da shi, ni ko laƙabin ma nauyi yake yi mini a baki. "Ke" nake ce mata. Idan kuma labarinta nake ba wani, sai in ce "yarinyar nan".

A Kano wannan ba abin magana ba ne, kowa ya san kunyar ɗan fari. Da muka koma Kuala Lumpur ne abin ya zama aiki. Tana da shekara huɗu muka zo. Ni ina karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, babanta yana harkokinsa na kasuwanci, muna zaune a wani dogon bene a Taman Melati. Yarinyar tana da asma, saboda haka mu da asibiti ba ma rabuwa, kuma duk inda ka je tambayar farko ita ce sunan yaro. Sai in zaro katinta in miƙa, ko in taɓa kafaɗarta ta faɗa da kanta. Wata nas ta taɓa dubana sama da ƙasa ta ce, "Ke ce uwarta kuwa?" Na ce mata a'a, a titi na tsince ta. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Shekarar da yarinyar ta cika goma na miƙa wa malamina kundin bincikena, a farkon watan Nuwamba. Kaina ya yi zafi, ko takardar burodi na gani sai in ji zuciyata tana tashi. Babanta ya tafi gida Najeriya. Wata abokiyar karatuna, 'yar ƙasar, ta ce in hau Bukit Fraser in huta, wani tsohon gari ne a kan tsauni da Turawan mulkin mallaka suka gina don su riƙa guje wa zafi. Ta ce amma in jira hutun makaranta, yanzu damina ce, ba kowa a can. Na ce ai abin da nake nema ke nan, na gaji da mutane. A ƙasar Turawan da suka gina garin, wannan lokacin ne ganye yake zuba. A Malesiya kuwa ba abin da yake zuba sai ruwa. Na ɗauke yarinyar daga makaranta ranar Talata, na ce musu tafiya ta kama mu, muka shiga 'yar motata.

Bayan mun wuce garin Kuala Kubu Bharu hanyar ta fara murɗewa. Ƙarshenta ma mota ɗaya kawai take ci, hagu dutse, dama rami, ga itatuwa sun haɗe a sama har sai da na kunna fitila da rana tsaka. Yarinyar ta yi amai sau biyu. Ni kuwa ina riƙe da sitiyari ina zagin kaina a zuci, wa ya aike ni? Tun daga ƙasa har muka kai sama ban ga mota ko ɗaya a gabanmu ko a bayanmu ba.

Da azahar muka shiga garin, idan ma za a kira shi gari. A tsakiyarsa akwai wata 'yar hasumiyar agogo da ganye ya lulluɓe, kewaye da ita ga gidan waya, ga ofishin 'yan sanda, duk ginin dutse mai launin toka. Kantuna a rufe. Wani gidan abinci an kifa kujerunsa a kan tebura, ruwa yana ɗiga daga rumfar. Can sama a jikin tudu ga gidajen Turawan nan, kowanne da bututun hayaƙinsa, kowanne shi kaɗai, tagogi a kulle, gansakuka ta cinye katangu. Na kashe mota, sai shiru ya rufe mu. Wanda ya zauna a Kuala Lumpur ya san ko cikin barci kunnensa yana jin babura da jirgin ƙasa. Nan ko kukan kare babu. Kuma gajimare yana tafiya a kan titi, ƙasa-ƙasa, ya wuce ta gabanka ya bar maka danshi a fuska.

Yarinyar ta leƙa ta taga ta ce da Turanci, "Mama, mutanen ina suka tafi?" Haka muke yi da ita, ni in yi Hausa ita ta mayar da Turanci, in ta ga dama ta sa Malayanci a ciki. Na ce mata suna cikin gidajensu suna shan shayi kamar masu hankali, mu ne marasa aikin yi.

Masaukinmu ɗaya ne daga cikin tsofaffin gidajen, da murhun wuta a falo da daɓen katako mai ƙara. Wata dattijuwa Bamalayiya ce take kula da shi, gajeriya, ta sa rigar sanyi a kan doguwar rigarta. Makcik muka riƙa ce mata, kamar yadda ake ce wa duk macen da ta haife ka a ƙasar. Mu kaɗai ne baƙi a gidan mai ɗaki takwas. Ta kawo mana shayi da soyayyar ayaba, ta zauna tana kallon yarinyar da sha'awa, sannan ta tambaye ni sunanta. Na taɓa kafaɗar yarinyar kamar kullum. Ta faɗi sunan, amma sai da ta ture hannuna tukuna.

Da Makcik ta ji za mu fita zaga gari bayan la'asar, sai ta gyara zama. Malayancina na cefane ne, amma na gane yawancin abin da ta faɗa, sauran yarinyar ta fassara mini. Ta ce mu bi kwalta, kada mu shiga 'yan hanyoyin daji. Ta ce dajin nan yana da masu shi, su suna ce musu orang bunian, wato dai mutanen ɓoye. Ba ruwansu da kowa, amma suna son yara, kuma da suna suke kamawa. Saboda haka a kan tsaunin nan ba a ɗaga murya a kira sunan mutum, sai dai a yi fito ko a ce "oi". Ta juya ga yarinyar, ta ɗaga yatsa: in kin ji an kira sunanki ba ki ga mai kiran ba, kada ki amsa, kada ki bi, ko da muryar wanda kika sani ce.

Dariya na yi, Allah ya yafe mini. Na ce wa Makcik in dai wannan ce dokar, ai ni shekara goma ina bin ta tun kafin in san da tsaunin. Na yi mata bayanin al'adarmu da guntun Malayancina. Ta gyaɗa kai kamar ta gane, har ta ce abu ne mai kyau. Yarinyar kuwa ta ajiye ayabar da ke hannunta, ba ta ƙara ci ba.

Muka yi la'asar muka fita. Na sa mata rigar sanyi mai hula, na jefa maganin shaƙarta a jakata, ita kuma ta rataya 'yar kyamarar da babanta ya saya mata. Muka wuce hasumiyar agogon, muka kama titin da ya hau wajen gidajen da ba kowa a ciki. Wani gidan ƙofarsa ta gaba a kulle da sarƙa, amma labulen taga ɗaya a ɗage. Wani kuma an bar lilon yara a farfajiya, ya yi tsatsa, ciyawa ta kai wurin zamansa. Sanyi yana ratsa ni har ƙashi, amma na ji daɗi. Na yi wata uku ban ji kaina ya yi sakayau haka ba.

Muna cikin tafiya ta ce, "Mama, har a gaban baƙuwa sai kin mayar da abin wasa?"

Na ce, "Wane abu?"

Ta ce, "Kin sani. A ajinmu ba wanda mamarsa ba ta kiran sunansa. Ranar iyaye malama ta tambaye ki sunana, kika nuna mata takarda. Duk sun yi mini dariya, sun ce mamata ta manta sunana."

Na ce, "Su yi ta yi. Su ne suka haife ki?"

Ta tsaya a tsakiyar titi. Ta ce, "Sau ɗaya kawai. Ba kowa a nan. Ki faɗa sau ɗaya in ji yadda yake a bakinki."

Da na san abin da zai biyo baya, da na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar kwaltar nan na riƙe hannunta na yi mata bayani. Da na ce mata sunan uwata ne, kuma in na buɗe baki zan faɗa sai in ga fuskar tsohuwar. Da na ce mata abin da ka fi so shi ne kake jin nauyinsa. Amma ni mai saurin fushi ce, kowa ya san ni da wannan. Na ce, "Ke, ki kiyaye ni. Na tuƙo mota awa uku don ki zo ki koya mini tarbiyya? Sunan naki zinare ne? Wuce mu tafi."

Ta wuce kuwa. Ta ja hular rigarta ta rufe kai, ta yi gaba da sauri, tana buga ƙafa. Na ce a raina je ki, ki huce. Na ma rage tafiya da gangan don ta san ban damu ba. Ina ganin jar rigarta a gabana har ta sha kwana.

Sai hazo ya sauko. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake. Bai zo a hankali ba. Daga ramin da ke gefen dama ya taso, fari fat, kafin in kai kwanar na daina ganin bakin titi. Na miƙa hannu, da ƙyar nake ganin yatsuna. Sai kuma yayyafi mai sanyi kamar ruwan randa. Na sha kwanar, ba ta nan. Na ƙara sauri, titin ya rabu biyu, ɗaya ya hau, ɗaya ya gangara. Na taɓa jakata na ji maganin shaƙarta a ciki. Na san ƙirjin yarinyar nan, sanyi da danshi ne abokan gabarsa, ballantana ta yi fushi ta yi sauri. In ciwon ya tashi mata ba magani a kusa, ba ta iya ko magana. Ga rana ta yi ƙasa.

Na ɗaga murya na ce, "Ke!"

Hazon ya haɗiye maganar. Na sake, "Ke! Ke yarinya! Kina ina?" Na hau titin sama na dawo, na gangara na ƙasa na dawo. Na zaro waya, ba sabis ko ɗigo. Na tsaya a mararrabar ina juyawa ina "ke, ke", sai na ji yadda abin yake a kunne: mace ita kaɗai a kan tsauni tana kiran wadda ba ta da suna. Kowa ma "ke" ce. Na ce wa kaina, wallahi in wani abu ya sami yarinyar nan, abu na ƙarshe da ta roƙe ki shi ne wannan, kika hana ta.

Ban manta da gargaɗin Makcik ba, kada a ce na manta. Na tuna shi sarai, na tuna da mahaifiyata, na ture su duka biyun. Na buɗe baki, da farko ba abin da ya fito sai iska. Sannan na kira sunan. Ya fito a karkace, kamar ba Hausa ba. Na sake kira da dukkan ƙarfina. Na kira na uku har maƙogwarona ya yi zafi. Sannan na yi shiru ina saurare.

Ba amsa. Ruwa yana ɗiga daga ganye. Na tsaya har na ja numfashi wajen sau goma.

Sai na ji sunan ya dawo. Daga ƙasa, cikin ramin, da muryata. Na san amsa-kuwwa, na yi wasa da ita a bakin rijiya ina yarinya. Amsa-kuwwa ba ta jira ka huta kafin ta dawo, kuma yadda ka faɗa haka take mayar maka. Ni da ihu na kira. Wannan a hankali ya faɗa, da lallashi, yadda ake kiran yaro ya zo ya karɓi alewa. Na ce a'uzu billahi, na juya da gudu na yi gangare, takalmina ɗaya ya cire ban tsaya ɗauka ba.

Yadda na gane hanyar masauki Allah kaɗai ya sani. Na faɗa kicin na tarar da Makcik tana yanka albasa. Ba sai na yi dogon bayani ba, da ta gan ni ni kaɗai ta ajiye wuƙar. Ta leƙa bayan gida ta kira mai kula da lambun gidan, wani dogon tsoho Ba'indiye mai farin gashin baki. Ya ɗauko tocila da adda. Ita ta ɗauki murfin tukunya da ludayin ƙarfe. Muna fita ta kama hannuna ta ce, "Ba ki kira sunanta ba dai ko?"

Na ce, "Na kira."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta saki hannuna kawai, ta dubi tsohon, suka yi wata magana ƙasa-ƙasa. Daga nan tsohon ya ƙara sauri.

Muka koma mararrabar. Makcik tana buga murfin tukunya tana karatu, tsohon yana "oi! oi!" yana haska bakin ramin. Duk sanda hasken ya sauka cikin ramin sai in rufe ido. Muka bi titin ƙasa har inda ya ƙare a wata ƙofar ƙarfe, muka dawo. Muka bi na sama har wani gida da rufinsa ya rufta, muka dawo. Ƙafata ɗaya ba takalmi, ta mutu da sanyi, ban ma ji tana jini ba. Ina ta yi wa Allah alkawura, wasu na cika, wasu har yau ina jin kunyarsu. Hazon ya fara komawa launin toka, alamar magariba ta kusa.

A dawowarmu ta biyu tsohon ya tsaya daidai inda na tsaya ɗazu ina kira. Ya haska gefen hagu, wajen tudun. Ashe akwai matakala ta dutse a wurin, ciyawa ta rufe ta, ta hau zuwa wani gida da ba a ganinsa daga titi. Ya ce mu jira. Ya hau, haskensa ya ɓace a cikin hazo. Makcik ta daina buga murfin. Can sai ga shi yana saukowa a hankali, da yarinyar cikin jar rigarta a kafaɗarsa.

A barandar bayan gidan ya same ta, a tsugune a lungu, ta cusa yatsu a kunnuwa, ido a rufe. Tsakaninta da inda na tsaya bai fi taku talatin ba. Leɓɓanta sun canza launi, ƙirjinta yana fito kamar buta a kan wuta. Na zube a kan titin na sa mata maganin a baki, Makcik ta taya ni riƙewa. Ta shaƙa, ta sake shaƙa. Ba zan iya faɗin tsawon lokacin da muka yi a wurin ba kafin numfashinta ya fara daidaita. Tsohon ne ya goya ta har gida.

A kicin muka zauna, don ya fi ko'ina ɗumi. Makcik ta naɗe ta da bargo biyu, ta haɗa mata ruwan citta da zuma, ta wanke mini ƙafa ta ɗaure. Daga ɗan masallacin garin aka kira magariba, muryar ladanin tana zuwa tana ɓacewa. Na yi salla a nan gefen murhu. Da na idar na ga idon yarinyar ya dawo daidai, sai fushin da tsoro ya danne ya taso mini. Na ce, "Me ya kai ki can? Kina jin ana nemanki kika yi shiru? Kin san abin da kika sa ni?"

Ta ce ta ga matakalar ne ta hau don ta ɓuya mini kaɗan, in ji tsoro. Da hazo ya zo ita ma ta tsorata. Ta ce, "Na ji kina cewa ke, ke. Na taso, na fara saukowa, ina lalube. Ƙirjina ya fara, na kasa ɗaga murya, amma na kusa isowa, har ina jin ƙarar takalminki."

Na ce, "To sai me ya hana ki?"

Ta dubi Makcik, ta dube ni. Ta ce, "Sai na ji an kira sunana. Da muryarki sak. Nan na san ba ke ba ce." Ta faɗe shi ne da alfahari, irin na yaron da ya ci jarrabawa. "Na tuna abin da Makcik ta ce. Na ce Mamata ko za a kashe ta ba za ta faɗa ba. Sai na koma sama na ɓuya, na toshe kunne, ina karanta Falaƙi da Nasi."

Taku kaɗan ya rage ta faɗo jikina, ni da bakina na kore ta. Awa ɗaya da wani abu ta yi a cikin sanyin nan tana kokawa da numfashi, saboda ta ji uwarta ta kira sunanta.

Na ce, "Ni ce. Ni na kira ki."

Ta girgiza kai. "A'a, Mama."

"Wallahi ni ce. Ina tsaye a ƙasan matakalar. Sau uku na kira."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ba sau uku ba ne. Bai daina ba. Da farko daga titi, sannan ya zagayo bayan gidan, ta wajen daji. Ko da na toshe kunne ina ji. Yana cewa in zo, ba a fushi da ni. Sai da tsohon nan ya taɓa ni ya yi shiru."

A lokacin da take faɗa, ni ina can ina gudu zuwa masauki, ko ina bayan Makcik bakina a rufe. Makcik ba ta jin Hausa, Turancinta ma kaɗan ne, amma ta tashi ta rufe tagar kicin ta sa sakata, ta ja labule. Har yau ban san abin da yarinyar ta ji ba. Na sha gaya wa kaina cewa yaron da numfashinsa ya ɗauke yana iya jin komai. Amma ni numfashina lafiya lau yake sanda na ji nawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a lokacin ba na dajin ba ne. Na dubi 'yar da na ɗauka wata tara, na yi jinyarta dare da rana, na ga ta yarda har zuciyarta cewa aljani ya fi ni kusa da faɗin sunanta. Na ce yau za a yi ta ta ƙare, kunya ta tafi inda za ta. Na matso da kujerata gabanta, na kama hannayenta biyu a cikin bargon. Na dubi cikin idonta, ga haske, ga ni a gabanta tana ganina. Na kira sunanta a hankali, da duk taushin da nake da shi.

Ta fizge hannunta. Ta zabura ta koma bayan Makcik ta ƙanƙame rigarta, idanunta a waje, tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Na ji ƙirjinta ya fara fiton nan kuma.

Ta ce, "Haka ya faɗa. Haka sak." Wannan karon da Hausa ta yi maganar, gurguwar Hausarta. "Mama, don Allah ki bari. In ke ce, ki kira ni yadda kike kirana."

Na haɗe fuska kamar yadda ta saba gani, na ce, "Ke, zo nan."

Sannan ta saki rigar matar, ta taho ta hau cinyata, duk girmanta. Na rungume ta ina kuka kamar raina zai fita, ita kuwa tana shafa mini baya tana cewa in yi haƙuri, ba za ta ƙara ɓuya ba.